Tsohuwar Marsandi da wayar zamani: 'yar na'urar Bluetooth ko allon Android?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu ya sayi Marsandi E-Class ƙirar 2005, 'yar Beljiyam. A jikin sitiyari akwai maɓallin ɗaga kira da na kashewa, da ya buɗe akwatin ɗora hannu da ke tsakanin kujerun gaba kuma sai ya tarar da mazaunin tsohuwar Nokia. Yana so wayarsa ta yanzu ta yi aiki da motar. Mai rewaya ya ce a fitar da rediyon a sa allon Android, wani kuma ya ba shi labarin wata 'yar na'urar Bluetooth da ake maƙalawa a gurbin mazaunin. Tambayarsa: wanne ya fi?

Malam, ni ma na riƙe irin motarka shekaru da dama, samfurin da Marsandi ke kira W211 ke nan, wadda aka ƙera daga 2002 zuwa 2009. Abin da ya kamata ka fara sani shi ne rediyon da kake gani a gaba ba shi ke fitar da sauti ba. Shi dai umarni yake bayarwa. Akwatin da ke tura sauti zuwa lasifiku yana can cikin but. Tsakanin rediyon da wannan akwati da na'urar waya da mai canza faifan CD, ba wayar tagulla ke ɗaukar saƙo ba, wani siririn zare ne da haske ke bi ta cikinsa, ana kiran tsarin MOST. Zaren zobe yake yi, daga wannan na'ura ya faɗa waccan har ya dawo inda ya taso. In aka cire ɗaya ba a haɗe gurbinta ba, zoben ya tsinke, sautin motar ya yi tsit gaba ɗaya. Duk bambancin hanyoyin nan biyu daga nan ya samo asali.

'Yar na'urar Bluetooth ba ta taɓa zoben. Danna maɓallin da ke gefen mazaunin Nokia ka zare shi. In ka ga wani faifai mai haƙoran ƙarfe a ƙasa, motarka na da abin da Marsandi ke kira UHI, kuma a takardar bayanan motar lambarsa 386. A nan ake zura na'urar, ka haɗa ta da wayarka, shi ke nan, ko sukuddireba ba a ɗauka ba. Ita motar a ganinta har yanzu Nokia ce a zaune. Kira ya shigo, rediyo ya yi shiru da kansa, lambar mai kira ta fito a tsakiyar mita, ka ɗaga daga sitiyari, makirfon da kamfani ya dasa a rufi kusa da madubi ya ɗauki muryarka. Wannan makirfon ba ƙaramin abu ba ne: injiniyoyin da suka san ƙarar cikin motar ne suka zaɓa masa wuri, shi ya sa wanda kake magana da shi yake jin ka tar ko kana kan hanyar Kaduna.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Bluetooth ƙofa-ƙofa ne. Ƙofar kira HFP, ƙofar sauti A2DP, kuma na'urar nan ta farkon kawai ta sani. Karatun Alƙur'ani da ka ajiye a waya, wa'azi, saƙon murya na WhatsApp, duk ba za su fito ta lasifikun motar ba. A wurinmu, inda rabin zancen yini saƙon murya ne, wannan rashi ne na gaske, kuma ban so ka saya kana zaton za ka samu. Jerin sunayen da ke wayarka ma wani lokaci ba ya haurawa cikakke.

Wajen saye ka kula da abu uku. Akwai wata mai kama da ita da aka rubuta wa SAP, iPhone ba ta aiki da ita, wayoyin Android da yawa ma haka. HFP za ka nema. In mazaunin naka na tsohon yayi ne, mai lanƙwasasshiyar igiya da ba ya zaruwa, irin na Nokia 6210 da 6310i, to na'urarsa daban ce, kamfanin ViseeO ya yi wata mai siffar wayar da ake zaunarwa a ciki. Masu 'yar Amurka kuwa, da yawa daga motocinsu da mazaunin Motorola suka zo, nasu ma daban ne. Ka je da motar a gwada a gabanka kafin ka biya, ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ne ko a Ladipo ta Legas.

Allon Android kuma ya ba ka duk abin da waccan ta hana: sauti, taswira, kyamarar baya, kira. Ba na musun haka, kuma wanda ya wuni a hanya zai ji daɗinsa. Sai dai allon bai iya yaren haske ba. Dole a yi ɗaya cikin biyu: ko a sa masa akwatin da ke juya sautinsa zuwa saƙon MOST, ko a ja doguwar waya tun daga dashbod har but a tsallake akwatin kamfani. In motar na da kayan sauti na kamfanin Harman Kardon, ta hanyar farko sau da yawa ana rasa ikon karkata sauti gaba ko baya, ta biyun kuma amfilifayar, wato akwatin ƙara ƙarfin sautin, ce gaba ɗaya ake jinginewa. Ko ta wace hanya, na'urar wayar motar ta mutu ke nan, makirfon rufi ya zama ado, kira ya koma kan ɗan makirfon da ya zo da allon. Masu arha a cikin allunan nan, da rana ta dake su a watan Afrilu sai ka ga sun fara nauyi ko suna sake kunna kansu.

Abin da ya fi damuna shi ne hannun da zai yi aikin. Tawa motar, wani mai rewaya ya lanƙwasa zaren hasken kamar wayar lantarki yana tusa shi bayan allo, zaren ya karye daga ciki. Kwana biyu muna neman dalilin shirun. Da aka gyara wannan, sai batir ya riƙa kwana da rai ya tashi a mace, saboda an ba allon wuta daga layin da ba ya mutuwa in an zare makulli. A wata motar wannan ɓacin rai ne kawai. A W211 ta kafin sabunta ƙirar da aka yi a 2006, irin taka, birkin SBC ne, famfon lantarki ke ba shi ƙarfi, har ƙaramin batir na biyu aka sa mata saboda irin wannan. Motar da birkinta ke cin wuta ba a wasa da wayoyinta.

Mai tura sauti ta tashar FM, wanda ake cusawa a ramin caji, ya fi kowanne arha, amma a gari mai cunkoson gidajen rediyo kamar Kano shuu ɗinsa ba ya ƙarewa. Na riƙon ƙwarya ne.

Da ni ne kai, in rediyon kamfani na aiki lafiya kuma na ga faifan nan a ƙarƙashin mazaunin, 'yar na'urar HFP zan saya don kira. Don karatu da saƙon murya kuma in nemi akwatin Bluetooth na MOST da ke shiga gurbin mai canza faifan CD, motar ta ɗauka faifai take juyawa, sitiyari ya ci gaba da canza abin da ake saurare. Allon Android sai in rediyon ya riga ya mutu, ko aikinka ba ya yiwuwa sai da taswira a gabanka. In ta kai ga haka, ka nemi mai rewayan da ya saba da Marsandi, ka ce soket zuwa soket kake so, ban da yanka, kuma ka karɓi tsohon rediyon ka ajiye a gida.

Ka ɗauko mana hoton abin da ke ƙarƙashin mazaunin da na fuskar rediyon, in faɗa maka ainihin wadda za ta shiga.