Mun kai yarinya awon tafin ƙafa, ga yadda ta kaya

Jama'a masu tambayata batun wurin fisiyo ɗin nan (masu gashi da motsa gaɓoɓi) da ke wajen Gawon Nama a Sakkwato, to mun tahi ranar Talata. Ɗiyata shekararta 4, tafin ƙafarta a shimfiɗe yake lif, babu ɗan kwarmin nan na tsakiya, kullum Inna sai ta ce wagga yarinya tafiyar agwagwa take, har wani mai shago a Tsohuwar Kasuwa ya so ya liƙa min takalmi mai tudu a ciki wai shi ka gyara ƙafa, kuɗin ma ba a magana.

Jira dai mun sha shi, tun ƙarfe 9 sai wajen sha ɗaya da rabi munka shiga, ga zafi ga fanka ɗaya tal. Wannan kam su gyara.

Amma aikin ya burge ni wallahi. Likitar ta shafa mata tawada a tafin ƙafa ta sa ta taka farar takarda, ta ɗauko rula ta auna faɗin tsakiyar sawun da faɗin diddige ta raba, ta ce da haka ake gane ko kwarmin ya fara fitowa. Sannan ta ce ta yi ɗage ta tsaya bisa yatsu, sai ga kwarmi ya bayyana ƙiri-ƙiri, da likitar ta ɗaga mata babban yatsan ma haka. Ni ban taɓa lura ba!

Ta ce Hajiya kwantar da hankalinki, jarirai duk haka ake haihuwarsu, kitse ne ke cike wurin, kuma kwarmin a hankali yake fitowa, galibi zuwa shekara 6, wasu har 10. Irin wanda ke fitowa in an yi ɗage ba ciwo ba ne, takalmi mai tudu kuma ba ya sa shi girma. Abin dubawa shi ne in yaro na kukan ciwo, ko ƙafar ta ƙage, ko ɗaya ce kawai ta shimfiɗe.

Ko allura ba ta rubuta ba, cewa ta yi a bar ta ta yi ta wasa ba takalmi a tsakar gida, na ce likita a rairayin Sakkwato da rana? Ta yi dariya ta ce da sassafe ko bayan la'asar. Takardar sawun tana jakata, mu koma da ita baɗi a gwada.