Farantin Reno ko MinION: Wanne Ya Dace da Binciken Ƙwayoyin Cuta a Kumbo?

Wa alaikumus salam, Malama. Kin tambaya wanne za ki saya tsakanin farantin renon ƙwayoyin cuta da na'urar MinION mai gane ƙwayoyin ta hanyar karanta DNA ɗinsu, wato bayanan halittarsu; tunda aikinki a kan doguwar tafiya cikin kumbo ne, MinION za ki saya.

Muna da ita a ɗakin gwajinmu, 'yar ƙarama ce da ke shiga tafin hannu, ana jona ta da kwamfuta. Ranar da na fara aiki da ita, na goga auduga a bakin famfo da safe, kafin magariba sunayen bakteriya sun fara jeruwa a allo, ɗalibaina biyu na tsaye a bayana sun ƙi tafiya gida. Da irinta 'yar sama jannati Kate Rubins ta karanta DNA a Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa a 2016, karo na farko da aka yi haka a sama. A 2017 kuma wata 'yar sama jannatin, Peggy Whitson, ta tantance ƙwayoyin da suka tsiro a cikin tashar tun samfurin bai sauko ƙasa ba, aka tarar bakteriya nau'in Staphylococcus ne da ke zaune a fatar mutum. Muhimmancin abin ke nan: wanda ya nufi duniyar Mas zai shafe watanni a hanya, ba shi da halin aika samfur Houston, inda cibiyar hukumar sararin samaniyar Amurka NASA take, ya jira amsa, ga shi tun a Mir, tsohuwar tashar sararin samaniya ta Rasha, an ga yadda fumfuna ke yaɗuwa a bayan bangon kumbo inda danshi ke taruwa.

Faranti dai yana da araha, kuma da shi NASA ta daɗe tana auna iska da bango, amma sai an jira kwana 5, abin da ya yarda ya tsiro kawai yake nunawa, sannan yana hayayyafar ƙwayoyin a ɗakin da ba a buɗe taga. Na'urar zuƙar iska da na saya dominsa har yau tana cikin kwalinta.

Ki yi hattara da dillalai wajen sayen kaset ɗin MinION da ake ɗiga samfur a ciki. A firji ake ajiye shi, kuma yana da wa'adi. Wani ya taɓa sayar mana da wanda aka yi aiki da shi aka wanke, muka yi asarar samfurin mako guda. Ranar da ya iso ki gwada shi a kwamfuta, idan ƙananan ramukansa da DNA ke ratsawa, waɗanda ke aiki, ba su kai 800 ba, ki mayar musu da kayansu.