Bakteriyar hanjin ƙudan zuma ko magana da mai feshi?

Malam, ka ce amyoyinka na bakin gonakin koko a wajen Offinso a Gana, kuma duk lokacin feshin akate, wato ƙwarin da ke ɓata koko, sai ka taso daga Aboabo ka tarar da matattun ƙudan zuma a ƙofar amya. Tambayarka: ka jira bakteriyar nan da ake gyarawa a Amurka, ko ka nemi wata dabara?

Bakteriyar sunanta Snodgrassella alvi, a hanjin ƙudan zuma take zaune tun asali. A 2020, masu bincike a Jami'ar Texas da ke Austin suka sauya mata ƙwayoyin halitta, ta riƙa fitar da abin da ke kashe kaskar Varroa mai maƙale wa ƙudan zuma, yana kuma raunana cutar da ke nakasa fiffike. Ta yi aiki, amma a kejin ɗakin gwaji. Ka kuma lura, kaska da cuta aka yaƙa, ba guba ba.

Na guba kuwa, Jami'ar Cornell ce ta fito da shi a 2021, shi kuma ba bakteriya ba ne. 'Yan ƙwayoyi ne masu girman garin fure, ana ciyar da ƙudan, su rusa magungunan ƙwari irin malathion a cikinsu. To amma Confidor da Actara da aka daɗe ana fesa wa koko dangi ne daban, neonicotinoid, irin waɗanda Tarayyar Turai ta hana fesawa a fili tun 2018. Ko gobe aka kawo bakteriyar ta Texas zuwa Gana, sai hukuma ta ba da izini bisa dokar 2011 kan halittun da aka sauya.

Ɗaya hanyar ba ta da sunan jami'a. Mai gona ya sanar da kai tun ana gobe feshi, ya bari sai yamma ƙudan sun koma, kai kuma ka toshe ƙofar amya da raga, ka sa inuwa da ruwa kada zafi ya kashe su. Ba ta kawar da matsalar duka ba, domin Confidor na shiga jikin tsiro har ruwan fure. In feshin ya yawaita, ɗauke amyoyin da dare, ka yi nisa da su, don ƙudan kan yi kilomita 3 neman abinci.

Ni dai da nawa ne, kafin Agusta zan kai wa mai gonar kwalbar zuma, mu tsayar da magana.