Injin zarto zai yi dogon hutu: a juye fetur ɗin ko a bar shi da magani?

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka tambaya game da injin zartonka da za ka ajiye kusan wata bakwai, ko ka juye fetur ɗin ko ka bar shi da magani. Juye shi. In kana sauri amsar ke nan, abin da ya rage duk bayani ne.

Shawara biyun da aka ba ka, wato ka zazzage fetur ɗin tas ka bar injin ya mutu da kansa, ko ka cika tanki ka ɗiga maganin nan da ake cewa yana hana fetur lalacewa, duk na gwada su a kan inji ɗaya. Stihl MS 250 ne, da shi nake rage rassan darbejiya da gyaran mangwaron lambu da rani, ruwan farko na sauka kuma yake shiga ɗaki sai bayan an gama girbi. Kusan wata bakwai ke nan duk shekara, kamar dai naka.

Juyewar wani dattijo ne ya koya min, mutumin da ya yi shekaru yana yankan katako a dazukan Taraba kafin bayansa ya hana shi. Ranar da ya zo lambun ya tarar ina shirin naɗe injin a buhu yadda yake. Bai ce min komai ba, buhun ya karɓa ya shimfiɗa a gindin mangwaro. Ya buɗe murfin tanki, ya ɗora tsumma a bakin mazurari, ya tuntsurar da injin har ɗigon ƙarshe ya faɗa kwalba. Sannan ya mayar da murfi ya tayar da shi, ya ajiye a ƙasa a silo, wato yana aiki a hankali ba a ba shi wuta ba, ya koma gefe yana cin goro. Na kai hannu zan ba shi wuta don a gama da wuri, ya buge hannun. Ya ce man da ke shafe fistin a cikin fetur ɗin nan yake, inji irin wannan ba shi da wani baƙin mai na daban a cikinsa, in ka ba shi wuta yana cikin ƙishi to ƙarfe ne ke gugar ƙarfe. Muna tsaye injin ya ci gaba da gunaguni, can sai muryarsa ta ɗan haura kamar zai yi fushi, ya yi tsit. Dattijon ya ja cok, ya sake fizgar igiya, injin ya yi tari biyu ya mutu. Ya sake, shiru. Ya ce to yanzu kafireto ya bushe.

Da kaka ta wuce na ɗauko shi ina ɗar-ɗar. Na haɗa sabon mai na zuba, ja na huɗu ya tashi, hayaƙinsa fes. Shekara uku a jere haka nake yi, ban kai shi wurin makaniki ko sau ɗaya ba.

Dalilin ba boyayye ba ne. Kafireton injin zarto ba irin na babur ba ne mai ɗan kofi a ƙasa. Tunda injin yana aiki a tsaye, a kwance, har a kife, 'yar roba ce siririya kamar fatar albasa ke tura man a ciki, ta wasu ƙofofi da ko allura ba ta shiga wasunsu. Fetur in ya zauna, ɓangarensa mai saurin kama wuta shi ke fara tashi, ya bar wani danƙo ja kamar ƙaro. Danƙon nan shi ke manne robar ya toshe ƙofofin. Ka haɗa da zafin ɗakunanmu masu rufin kwano, abin da zai ɗauki wata shida a ƙasa mai sanyi nan bai kai haka ba. Su kansu Jamusawan da suka ƙera injin sun ce haɗaɗɗen mai kada ya wuce kwana 30, kuma a littafin da ke zuwa da shi sun rubuta cewa in za a daɗe ba a yi aiki ba a juye tanki a bar injin ya ƙone na cikin kafireto.

Maganin kuwa, na saye shi shekarar da na ji ƙyashin zubar da mai, bayan an cire tallafi a 2023 fetur ya zama abin lallaɓawa. Ba zan ce ba ya aiki ba. Na gaske, in an zuba shi cikin sabon fetur aka tayar da inji ya zagaya, yana jinkirta lalacewar, amma ba ya gyara man da ya riga ya kwana biyu, kuma ba ka san kwana nawa wanda ka saya ya yi a jarka ba. Nawa dai da na buɗe tanki warin tsohon fenti ne ya tare ni, na yi ta fizgar igiya har kafaɗa ta riƙe, ƙarshenta sai da aka kwance kafireto aka sake robobin ciki. Kuɗin kwalbar maganin da kuɗin gyara sun ninka abin da nake ƙyashi sau ban san adadi ba, don tankin injin nan ko rabin lita bai cika ba. Abin da na juye ma ba asara ba ne, ƙaramin janareton nan da ake haɗa wa mai da fetur yana shanye shi a dare ɗaya.

Masu cewa a cika tanki don kada ya yi tsatsa, maganarsu ta babur ce da mota masu tankin ƙarfe. Yawancin injinan zarto na yanzu tankinsu roba ne. Inda nake ba su gaskiya guda ɗaya ne: robar kafireto in ta daɗe a bushe tana iya ƙagewa, musamman a tsohon inji. Amma ƙagaggiyar roba sauya ta ake yi cikin rabin awa, danƙo kuwa wani lokacin sai kafireton gaba ɗaya ya tafi.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hankali da kasuwa. Maganin da na saya har yau ban tabbatar ba kananzir ne aka rina ba, don murfin kwalbar ba a liƙe yake ba, mai shagon ya ce wai a hanya ya buɗe. Haka suke yi da man haɗi na 2T, wato man da ake gaurayawa da fetur ɗin injin, su tara tsofaffin robobi su ɗura man da ba a san asalinsa ba. Duba liƙin murfi kafin ka biya, in an taɓa shi ajiye musu kayansu. Robobin kafireto ma akwai na jabu, da ka taɓa za ka ji su da kauri kamar ledar shimfiɗa. Kuma in ka kai gyara tsaya a kansa, ko ka yi wa kafiretonka alama da bakin ƙusa, don akwai masu cire na asali su ɗaura maka kwaikwayo su ce ai wanke shi suka yi. Fetur ɗin 'yan bumburutu kuwa kada ya kusanci injin nan ko da wasa.

Tankin man sarƙa, wato na man da ke shafe sarƙar yankan, hukuncinsa daban. In baƙin man da aka juye daga mota kake zubawa, kamar yadda da yawanmu ke yi don sauƙi, fitar da shi, akwai dattin ƙarfe a ciki da zai kwanta ya cinye famfon. In man gyaɗa ne ma ya fi muni, daskarewa yake ya zama kamar katsi. Zuba mai tsafta, ka bar sarƙar ta ɗan juya ya ratsa, kuma wannan kafin ka juye fetur za ka yi shi, ni na taɓa mantawa sai da na sake zuba mai na maimaita aikin daga farko.

Daga nan kwance noti biyun gefe ka cire sarƙa da ƙarfen da take bi. Tsagin ƙarfen cike yake da garin itace da ya cakuɗe da mai, ka yashe shi da guntun waya har ka ga 'yar ƙofar da mai ke fitowa. Garin nan shi ke riƙe laimar damina ya haifar da tsatsa. Sarƙar ka wasa ta da magagari tun yanzu, ka shafe ta da mai ka ɗaure a leda. Wanke matatar iska ka bari ta bushe sarai, ka bi haƙarƙarin silinda da tsohon buroshin haƙori. Cire fulogi, ɗiga man 2T kaɗan ta ramin, ja igiya a hankali sau uku ya shafe ciki, ka mayar da fulogin.

Wurin ajiya kada ya zama ƙasa, kada kuma ya zama kusa da buhunan taki, gishirinsu na cin jikin inji. Ɗora shi a kan katako ka lulluɓe da tsohon zani, ba leda ba, leda gumi take tarawa. Ɓera na son tiyon mai, don haka nesa da hatsi. Sai abu na ƙarshe da dattijon ya yi kafin ya tafi: ya yagi tsumma ya cusa a bakin salansa, ya bar jelarsa a waje yadda zan gani in cire. Shekarar da na manta da tsumman, zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a ciki, na kwana biyu ina zargin kafireto.