Shagon da ya ƙi buga min zanen kakana, kuma nake gode masa

Shekara uku ke nan ina zane a kwamfutar hannu da manhajar ibisPaint X, kuma duk abin da na zana a Instagram yake ƙarewa. Sai bana na fara tunanin takarda, da na zana kakanmu, Allah ya jiƙansa, a kan doki ranar hawan sallah a Zariya. Daga wani tsohon hoto da Umma ke ajiye da shi a ƙasan akwati na kwaikwaya. Sati biyar na yi a kai, musamman aikin zaren da ke jikin alkyabbarsa. Burina in buga shi da girman babbar takardar nan ta A2, Umma ta rataye a falo.

Na fara kai shi wani shago a Tudun Wada. Yaron ya ce in turo ta WhatsApp, na tura, ya karɓi kuɗi, bai tambaye ni komai ba. Da takardar ta fito sai gabana ya faɗi. Fuskar kaka ta dame kamar an shafa da jiƙaƙƙen hannu, zaren alkyabba ya koma ƴan murabba'ai, kuma don zanen ya cika takardar sai yaron ya ja shi ta tsaye, dokin ya zama siriri mai dogayen ƙafafu. Na nannaɗe na ɓoye a bayan katifa, ban nuna wa kowa ba.

Wata ƙawata mai ɗinkin kayan amare ce ta kwatanta min shagon da nake son ba da labarinsa. Yana cikin wani layi a bayan titin Ahmadu Bello, ba nisa da kasuwar Sheikh Abubakar Gumi a Kaduna. Ƙaramin wuri ne mai warin tawada, inji biyu a ciki, ɗaya na buga bana ta talla, ɗaya na takarda da yadin kanbas. Mai shagon dattijo ne, yaransa na kiransa Oga. Na miƙa masa filash, ya buɗe fayil ɗin, ya ja hoton har idon dokin ya cika allon kwamfutar, ya yi shiru.

"Ƴata, da wane girma kika buɗe shafin nan tun farko?"

Na ce, "Fiksel 1080 da 1350, Baba, yadda nake yi kullum." Fiksel su ne ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto a allo.

Ya jawo kalkuleta. Ya ce bugu mai kyau wanda za a kalla daga kusa yana son ɗigo 300 a kowane inci, abin da suke kira dpi. Ya raba 1080 da 300, ya fito inci 3.6, wato kamar santimita 9. Ya haɗa yatsunsa ya nuna min: "Zanenki iyakarsa ke nan, tafin hannu." Faɗin A2 santimita 42 ne, kusan inci 16 da rabi, don haka fiksel ɗina in aka shimfiɗa su a kai, kowane inci ɗigo 65 kawai zai samu. Nan na gane abin da ya dama fuskar kaka. Ya ƙara da cewa WhatsApp ma ta taimaka wajen ɓarnar, domin tana matse hoto in ba a matsayin dokumen aka tura shi ba.

Na tambaye shi ko zan shiga manhajar in mayar da lambar 300 kawai. Ya girgiza kai. Ya ce mudu ɗaya na gari, ko a wane faranti aka zuba shi, mudu ɗaya ne. Lambar dpi tana faɗa wa inji yadda zai jera fiksel ɗin da ke akwai, ba ta haifar da sababbi. In kuma manhaja ta ƙara su da kanta, kintace take yi, zaren da ban zana ba ba zai fito ba. "Zan iya karɓar kuɗinki in buga, amma za ki fita kina zagina a zuci. Ki koma ki sake."

Raina ya ɓaci a lokacin, sati biyar fa. Amma ya rubuta min lissafi a bayan rasit, kuma takardar tana manne a bangon ɗakina har yau. A4 a kan 300 fiksel 2480 da 3508 ne, A3 kuwa 3508 da 4961, A2 kuma 4961 da 7016. Da na gwada na ƙarshen, kwamfutar hannuna ta fara nishi, shimfiɗun zanen da muke kira leya suka yi mata nauyi, tana rufe kanta. Na koma na faɗa masa. Ya ce tunda a kanbas za a buga, kuma daga kujera za a riƙa kallo ba da hanci a jikin bango ba, 200 ya wadatar, saƙar yadin ma tana rufe ɗan abin da ya rage. Wato 3307 da 4677. Ya ce in ƙara santimita 5 na sararin sama da ƙasa a kowane gefe, kusan fiksel 400, saboda yadin da za a naɗe a jikin katakon firam, kuma in janye sa hannuna daga baki kar ya koma ta baya. Bana da ake kafawa a bakin titi, in ji shi, ƙasa da ɗigo 200 ma sosai suke bugawa, don daga nesa ake gani.

Abin da ya fi burge ni shi ne gwajin launi. Allo da haske yake aiki, ja da kore da shuɗi, inji kuwa tawada yake zubawa, kuma akwai launukan da tawada ba ta kai wa. Kafin ya buga duka sai ya fitar da ɗan tsiri mai faɗin yatsu huɗu daga tsakiyar alkyabbar, muka fita da shi bakin ƙofa cikin rana. Koren da ke walƙiya a allona ya dushe ya koma kamar ganyen kuka. Muka zauna tare ya ɗan ɗaga hasken, ya sake fitar da wani tsirin, bai ƙara min ko kwabo a kan gwajin ba.

Shagon yana da nasa aibu. An ce min Talata, sai Alhamis na karɓa, saboda ɗauke wuta da kuma tarin aikin katin biki da ya sha gabana. Ba a cika ɗaga waya ba, dole ki taka da ƙafarki. Benci ɗaya ne, mace za ta iya tsayuwar minti talatin a cikin maza, kuma ya kamata a gyara wannan. Kuɗinsu ya kusa ninka na wancan shagon, ni dai ban ji ciwon biya ba.

Ranar Juma'a muka rataye shi. Umma ta sa tabarau, ta matso har kusa, ta bi zaren alkyabbar da yatsa, ta ce ta tuna ranar da aka kawo ta daga wurin maɗinki. Yanzu ƙanenta da ke Kawo yana son nasa, kuma na riga na buɗe shafin da lambobin bayan rasit.