Squoosh: manhajar sauya tsarin hoto ba tare da hoton ya bar wayarka ba

Duk wanda ya taɓa cike fom na neman aiki ko gurbin karatu a intanet ya san yadda hoto ɗaya kan iya tsayar da komai, domin shafin zai ce sai hoto mai tsarin JPEG mai ƙaramin nauyi, alhali abin da ke hannu tsarin PNG ne ko WebP. Irin wannan matsala ce Squoosh ke warwarewa. Sashen Google Chrome Labs ne ya fitar da ita a 2018, kyauta ce, ba a yin rajista, kuma a cikin burauza ake buɗe ta, a waya ko a kwamfuta.

Abin da ya fi ba ni natsuwa game da ita shi ne, dukkan aikin a cikin na'urar mutum yake gudana. Shafukan sauya hoto da yawa sai an tura musu hoton tukuna, su sarrafa shi a can, sannan a sauke shi, wanda hakan ke cin data sau biyu, kuma yake sa hoton fasfo ko takardar shaidar karatu a hannun mutanen da ba a san su ba. A Squoosh hoton ba ya zuwa ko'ina, kuma idan aka girka ta a waya tana aiki ko da babu intanet.

Wajen aiki, allon yana rabuwa biyu: asalin hoton a ɓangare ɗaya, sabon a ɗaya ɓangaren, da layi a tsakiya da ake ja da yatsa. Idan aka zaɓi MozJPEG, wato zaɓin da ke fitar da JPEG, ma'aunin inganci yana farawa daga 75, kuma da zarar an rage shi za a ga sabon nauyin fayil ɗin a ƙasa. Wanda ya ƙara girman hoton takarda ya dubi rubutun da kyau zai ga daidai inda gefen haruffa ya fara dusashewa, sai ya tsaya kafin nan. Wannan gani da ido ya fi hasashe nesa ba kusa ba. Sai dai a kula, JPEG ba ya riƙe bayan hoto mara launi, saboda haka tambarin da aka yanke wa baya ya fi dacewa da PNG ko WebP.

Tana da gazawa. Hoto ɗaya take karɓa a lokaci guda, don haka mai shagon ɗaukar hoto da ke da ɗaruruwan hotunan biki gara ya nemi manhajar XnConvert, wadda ke sauya su gaba ɗaya. Tsarin AVIF yana rage nauyi sosai, amma yana jan lokaci a ƙaramar waya. Haka kuma sunaye irin su OxiPNG da MozJPEG kan rikita sabon shiga, tunda ba a bayyana a fili cewa PNG da JPEG ɗin da ya sani ne za su fito ba.