Littattafan soyayya na zamanin yaƙi: abin da na gani bayan na karanta goma sha ɗaya

Tun farkon shekarar nan nake bibiyar ƙagaggun labaran soyayya waɗanda aka gina a kan zamanin yaƙi, yawancinsu kuma a kan Yaƙin Duniya na Biyu, wato tsakanin 1939 da 1945. Goma sha ɗaya na ɗauka, na kammala tara, biyu kuma na ajiye su a tsakiya. Abin da ya raba masu kyau da marasa kyau a wurina shi ne ko yaƙin ne ke riƙe da akalar soyayyar, ko kuwa labule ne kawai aka rataya a bayan masoyan domin ado.

Wanda ya fi taɓa ni an kafa shi ne a Leningrad (Saint Petersburg ta yanzu a Rasha), birnin da sojojin Jamus suka yi wa ƙawanya na kwana 872, daga Satumba 1941 zuwa Janairu 1944. A watan Nuwamba na 1941 rabon burodin wanda ba ma'aikacin masana'anta ba ya sauka zuwa giram 125 a rana, kuma a kan wannan ɗan yanki marubuciyar ta ɗora soyayyar gaba ɗaya. Matar tana gutsurar nata rabon tana ƙara wa mijinta da ke kwance ba lafiya, tana ce masa ta riga ta ci a hanya, shi kuma ya san ba ta ci ba amma ya rasa ƙarfin da zai yi mata gardama. Babu dogon kalamin ƙauna a cikin babin, duk da haka sai da na rufe littafin na ɗan zauna shiru kafin na iya ci gaba. A nan ne nake ganin ƙarfin wannan fanni: alƙaluman da littafin tarihi ke bayarwa a layi ɗaya, labari yakan mayar da su fuskar mutum guda wanda mai karatu ya damu da shi.

Haka kuma yaƙi yana ba marubuci dalilai na gaskiya na raba masoya, ba sai ya ƙirƙiro rashin fahimta marar tushe ba. Soja yana samun hutun kwana biyu ya koma fagen daga, wasiƙarsa tana isowa bayan makonni an shafe layukan da za su nuna inda rundunarsa take, mutanen Landan kuma suna kwana a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa a lokacin da aka yi dare 57 a jere ana ruwan bama-bamai tun daga 7 ga Satumba 1940. Wanda bai da tabbacin ganin gobe ba ya jan ƙafa wajen faɗin abin da ke ransa, saboda haka saurin shaƙuwar da zai zama abin mamaki a wani labarin, a nan yana da hujja.

Inda suka ɓata mini rai ya fi yawa a littattafan da aka kafa a Faransa bayan faɗuwar Faris a watan Yuni 1940. Sau uku na ci karo da hafsan Jamus kyakkyawa, mai taushin zuciya, mai son kiɗa, wanda ake nuna kamar bai san abin da gwamnatinsa ke yi wa Yahudawa ba. Ban ce ba a yi irin wannan soyayya tsakanin sojan Jamus da matar Faransa ba, an yi ta, amma yawancin marubutan sun kauce wa farashinta. Bayan 'yantar da ƙasar a 1944 an aske kawunan mata kimanin 20,000 a bainar jama'a bisa zargin hulɗa da 'yan mamaya, kuma littafi ɗaya ne kaɗai cikin ukun ya yi ƙarfin halin kai jarumarsa wannan dandali. Sauran biyun su ne na ajiye, domin wanke mai laifi da sunan soyayya cin fuska ne ga waɗanda suka mutu.

Akwai kuma maimaici. Jikar da ta tsinci tsofaffin wasiƙu a akwatin kakarta ta bayyana a littattafai huɗu, kuma a kowanne ɓangaren zamanin yau ne ya fi rauni. Jarumai mata sukan yi magana da tunani irin na yau, kusan kowacce kuma sai ta shiga ƙungiyar gwagwarmaya ta ɓoye, alhali 'yan tsiraru ne suka shiga a zahiri.

Abin da na nema ban samu ba shi ne sauran duniya. Indiya ta ba da sojoji kusan miliyan biyu da rabi, runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a dazukan Bama, kuma waɗannan mutane sun bar mata da 'yan mata suna jiransu shekara da shekaru, amma ko ɗaya cikin goma sha ɗayan bai waiwaye su ba.

Ga mai son gwadawa, shawarata ita ce ya fara duba bayanin marubuci da ke ƙarshen littafi, inda masu gaskiya kan fayyace abin da ya faru da abin da suka ƙara. Uku ne cikin littattafan zan sake karantawa, kuma duka suna da irin wannan bayani, na Leningrad ɗin kuma ya kai shafi shida.